An Dakatar da Ni Saboda Daredevil

Bitrus: Jama'a ku yi min alƙalanci. An dakatar da ni daga koyar da ajin baftisma a majami'armu ta Sabon Gari, wai na kawo zanen yara gidan Allah. Misali kawai na yi da labarin Daredevil na 1986 da Frank Miller ya rubuta, Born Again. Matt Murdock, wato jarumin Daredevil ɗin, lauya ne makaho. Kingpin, shugaban 'yan ta'adda, ya gano sirrinsa, ya raba shi da aikinsa da kuɗinsa, ya tarwatsa gidansa, ƙarshe ya sa aka tura shi kogi a cikin tasi. Ya fito daga ruwan ba shi da komai, wata sista ta yi jinyarsa har ya miƙe. Sai na buɗe wa yaran Romawa 6:4, an binne mu tare da Almasihu ta wurin baftisma domin mu yi sabuwar rayuwa. Wallahi littattafan jaruman nan sun fi wa'azin wasu bayyana mutuwa da tashi. Ba zancen ɗan yayyafi a goshi ba.

Anti Veronika: Tsaya Bitrus. Wane ne na "ɗan yayyafi"?

Bitrus: Anti ba da ku nake ba.

Anti Veronika: Da wa kake? Mu ba yayyafi muke yi ba, Fada zuba ruwa yake yi sau uku, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kuma Daredevil ɗin naka ai ɗan Katolika ne. Ka ari ɗanmu ka yi wa'azi da shi, sannan ka juyo ka zage mu.

Dauda: Anti ku yi haƙuri, amma zubawa da yayyafi duk kanwar ja ce. A Kogin Urdun Yohanna ya yi wa Yesu. Matiyu 3:16 ta ce ya fito daga ruwan. Ana fitowa daga kofi?

Anti Veronika: To malamin Attaura. Mutum wajen dubu uku aka yi wa baftisma ranar Fentikos a Urushalima. A wane kogi? Challawa?

Dauda: Filibus da mutumin Habasha fa? Su biyu suka shiga ruwa. Mu ECWA abin da muka gani shi muke yi.

Rifkatu: Ni an yi min ina jaririya, da na yi aure aka nutsar da ni, kuma ranar na ji daban a raina.

Anti Veronika: Ke Rifkatu ki yi shiru. Afisawa 4:5, baftisma ɗaya. Miji kika bi, kada ki ɗora wa Ruhu.

Rifkatu: Haba Anti! A gaban mutane?

Ishaya: Ni matsalata da Bitrus tun daga tushe take. Ana zancen bangaskiya ka tafi Marvel, kamfanin da ke buga Daredevil? Superman fa? Ubansa ya aiko shi duniya daga sama.

Bitrus: Jerry Siegel da Joe Shuster da suka fito da shi a 1938 Yahudawa ne. Jariri a kumbo, Musa ne a kwando. Ka je ka yi karatu.

Ishaya: To Ramin Li'azaru na labarin Batman? Ra's al Ghul, abokin gabar Batman, yana nutsewa a ciki gabaɗaya, ya fito da sabon jiki.

Anti Veronika: Ya fito yaya?

Ishaya: Gaskiya yakan ɗan haukace na wani lokaci.

Anti Veronika: Dauda ka ji masu nutso.

Dauda: Anti wannan cin fuska ne. Admin kana gani.

Rifkatu: Tunda tonon silili ake, wasu a nan har yau ba su biya kuɗin ankon bikina ba. Ni na je Kantin Kwari da ƙafata na ciro atamfar nan bashi.

Anti Veronika: Atamfar da ta zuba a wankin farko?

Ishaya: Ni dai na biya. A tambayi manya.

Bitrus: Jama'a, ni fa aka dakatar. Ba wanda zai ce dattijon da ya dakatar da ni ya kyauta ko bai kyauta ba?

Dauda: Ka fara janye Daredevil, ka kawo jarumin da aka nutsar.

Malam Yakubu (admin): To ya isa. Ga abin da zaure ya cimma. An tabbatar da ayoyi biyu cewa nutsarwa ce asali, ɗaya ɓangaren ya fi ƙarfi a barkwanci. Kowa ya yarda Superman ya fi dacewa da ajin yara. Bitrus ya je ya ba dattijo haƙuri, babba ba ya laifi. Maganar anko ba ta cikin dokokin zaure, duk wanda ya sake tayar da ita zan cire shi.

Rifkatu: Malam yadi shida ne a kanku.

(Admin ya rufe zaure, shi kaɗai ke iya turo saƙo.)