Muhawara: 'yar tsana baƙa mai hijabi za ta iya zama abin koyi ga 'ya'yanmu?

Maman Ummi, Garwa: Assalamu alaikum. Kamfanin Mattel na Amurka ya fara yin 'yar tsana mai suna Barbie a 1959, kuma shekara da shekaru siffar da duniya ta sani ita ce fara, siririya, mai gashi ruwan zinariya. Yanzu abin ya sauya. A 2016 sun fito da mai ƙiba, da doguwa, da gajera. A 2019 mai keken guragu ta biyo baya. Har sun ƙera guda da kamannin Ibtihaj Muhammad, Musulmar Amurka mai wasan takobi da ta samu lambar tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, sanye da hijabinta. Ni dai na ce wannan alheri ne ga 'ya'yanmu mata.

Malam Sale, Marwa: Wa alaikumus salam. Hajiya, kasuwa ce kawai. Cinikinsu ne ya yi ta ja da baya kafin 2016, shi ya sa suka nemi sababbin masu saye. Roba ba ta ba da tarbiyya. Uwa da malami ne abin koyin yarinya.

Bilki Tela, Garwa: Malam, ka yi haƙuri in sa baki. Kwanaki wata yarinya da ba ta wuce aji biyu ba ta zo shagona da 'yar tsanarta, in ɗinka mata riga da ragowar ƙyalle. Ina cikin awo sai ta ɗora hannunta a kan fuskar 'yar tsanar, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Anti, yaushe zan yi haske kamarta?" Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Abin da yaro yake goyawa, yake kwana da shi, yana shiga zuciyarsa. Kuma kun san a 2022 sai da ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigo da mayukan bilicin masu cutarwa, saboda yadda abin ya yi yawa.

Malama Hadiza, Gaundere: Abin da Bilki ta gani an taɓa gwada shi. A shekarun 1940, Kenneth Clark da matarsa Mamie sun ajiye wa yara baƙar fata a Amurka 'yan tsana fara da baƙa. Mafi yawansu suka zaɓi farar, suka ce ita ce mai kyau. Har an kafa hujja da binciken a shari'ar 1954 da ta haramta raba makarantu bisa launin fata.

Malam Sale: Malama, waɗancan yara a ƙarƙashin wariya suka tashi. Namu kuwa daga bakin manya suke jin maganar. A gaban yarinya ake cewa "amaryar fara ce tas, ya yi dace." Ko 'yar tsana goma baƙaƙe kika saya mata, wannan kalma ɗaya ta rusa su.

Malama Hadiza: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma gyara ɗaya ba ya hana gyara ɗayan.

Goggo Asabe, Garwa: 'Ya'yan nan, mu da kara da tsumma muka yi tamu. Mu kitsa mata zare, mu goya ta, har biki muke yi mata da ƙawaye, a dafa ɗan tuwo a gwangwani. 'Yan ƙabilar Dowayo na yankin Poli a arewacin Kamaru kuma na itace suke sassaƙawa, su yi musu ado da duwatsu da wuri. Ba mu taɓa tunanin launinta ba, don da hannunmu muka yi ta.

Abdullahi, Kuseri: Goggo, Allah ya ƙara girma. Tambayata ita ce, ina ma ake samun waɗannan sababbin? Daga nan har Njamena, abin da nake gani a kan tebura gab da Sallah fararen nan ne masu arha, 'yan Chana. Muna gardama a kan abin da bai iso hannun talaka ba.

Maman Ummi: Ai ba sai mun jira Amurka ba, Abdullahi. A Legas, Taofick Okoya ya kafa Queens of Africa a 2007, baƙaƙen 'yan tsana da atamfa, har da mai suna Azeezah da ke wakiltar Bahaushiya. Haneefah Adam ta Ilori kuma da kanta take ɗinka wa 'yan tsana hijabi da abaya. Me zai hana mu ga ta Françoise Mbango, 'yar wasan tsallen Kamaru da ta ciyo mana lambar zinariya a gasar Olamfik a 2004 da 2008? Ko ta Djaïli Amadou Amal, marubuciyarmu ta Marwa?

Malam Sale: In a nan za a yi, da suturarmu, ba ni da ja. Dama ban ce haramun ba ne, Nana A'isha ma ta yi wasa da 'yan tsana. Amma har gobe ba zan kira roba abin koyi ba.

Bilki Tela: To ni zan gwada da baƙin yadi da auduga, in yi mata zane da ɗankwali. Goggo, ranar Asabar zan zo ki nuna mini yadda kuke kitsa zaren.