Za a cire wa Yaya kaluluwa kafin a san matakin cutar, ina neman shawara

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. An gano kansar bakin mahaifa a jikin yayata. Likita ya ce sai an ciro kaluluwar ƙugu an gwada kafin ya yanke irin maganin da za a yi. Hankalinmu ya tashi, ba hoton MRI ya isa ba?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Hoto yana nuna kaluluwar da ta kumbura ne, ƙwayoyin kansa 'yan ƙanana kuwa sai a ƙarƙashin madubin gwaji ake ganinsu. Tun 2018 tsarin FIGO, ƙungiyar likitocin mata ta duniya, ya ce in cutar ta shiga kaluluwar ƙugu, mataki ya zama na uku, wato IIIC1, in ta hau ta kusa da babbar jijiyar ciki kuma IIIC2, ko da ƙarin ƙarami ne. Daga nan magani ke canzawa: maimakon tiyatar cire mahaifa kaɗai, sai a koma gashi, wato ƙona ƙwayoyin kansa da hasken na'ura, haɗe da kemo, maganin kansa da ake sakawa ta jijiya, yawanci cisplatin.

Hajiyar Funtuwa: 'Yata, ki tambaye shi ko duka zai kwashe. Ƙanwata an kwashe mata da yawa, yau ƙafarta ta hagu a kumbure take, takalmi ba ya shiga, sai safa mai matsewa kullum.

Anti Nas: Abin da Hajiya ta faɗa shi ya sa ake neman kaluluwar farko kawai. Ana yi wa bakin mahaifa allurar rini, shuɗi ko kore mai suna ICG, a bi sawunsa zuwa kaluluwar da ruwa ya fara isa a dama da hagu. In ta fito lafiya, sau da yawa a bar sauran. Ya fi dacewa da ƙari ɗan ƙasa da santimita 2, kuma ba kowane asibiti ke da na'urar koren ba.

Abban Sadiq: Ku je asibitin koyarwa, ku nemi likitan kansar mata takamaimai. Asibitin koyarwa na ABU da ke Shika a Zariya yana da sashen gashi. Kuma ku karɓi kwafin takardar sakamakon gwajin tsokar da aka ciro, ku duba kaluluwa nawa aka ciro, nawa suka kamu.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. To in rinin bai nuna a gefe ɗaya ba fa?

Anti Nas: Sai a kwashe na wancan gefen kaɗai. Ki sa ya yi muku wannan bayani kafin Yaya ta sa hannu.