An hana ta shiga aji da kwamfutarta

Maman 'yan biyu, Misfala a Makka: Assalamu alaikum jama'a. Yau kam raina a ɓace yake. 'Yata tana aji uku na ibtida'i, wato firamare, tun haihuwa ba ta gani. Muka yi ta tari muka saya mata ƙaramar kwamfuta, yayanta ya sa mata NVDA, manhajar nan ta kyauta da ke karanta rubutu da murya, har na Larabci. Malamarsu ta ce a daina zuwa da ita, wai tana ɗauke hankalin yara, alhali abin kunne take sawa. Yanzu kujerar baya take zama, hannunta a kan littafin da ba ta iya karantawa, har a tashi. Makauniya a ajin masu gani ba kayan aiki, wallahi ajiya ce, ba karatu ba.

Malama daga Madina: Allah ya ba ki haƙuri Hajiya. Amma don Allah ki daina ce mata makauniya. Mai buƙata ta musamman ake cewa.

Maman 'yan biyu: Ni na haife ta, Malama. Lalurarta na faɗa, ban zage ta ba.

Ɗan Hindawiyya: A suratu Abasa ma makaho aka kira Ibn Ummi Maktum. Mun fi Alƙur'ani ladabi ne?

Malama daga Madina: Kada ka jawo aya inda ba hurumin ta ba. Ni nake ganin yaran da kalmar nan ke sa su kuka a tsakar makaranta.

Direba a Jidda: Wannan "buƙata ta musamman" ai ku 'yan boko kuka taho da ita daga gida. Mu da aka haifa a nan ba mu san ta ba.

Baƙon Makka: To, an fara. Ba a yin magana a zauren nan sai an ware haifaffen nan da wanda ya zo da fasfo.

Kawu: Shehu Bin Baz ya rasa ganinsa yana saurayi, ya zama babban Muftin ƙasar nan ta Saudiyya. Da wace kwamfutar? A kai ta tahfiz ta yi hadda.

Ɗalibin jami'a: Kawu, Allah ya ƙara girma. Ni makaho ne, manhajar waya ta TalkBack ce ke karanta min saƙonninku yanzu haka, kuma sunan bai dame ni ba. Hadda alheri ce, amma kunne ba ya nuna wa yaro inda hamza take zama a kalma. Wannan aikin Braille ne, ɗigo shida da yatsa ke bi. Yarinyar nan tana buƙatar muryar da Braille ɗin duka, da malamar da ta iya su. Tun 1960 aka buɗe Ma'ahadin Nur, makarantar makafi, a Riyad, a 2008 kuma ƙasar nan ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu. Hajiya, ki rubuta wa mudira, shugabar makarantar, takarda, ki nemi a haɗa ki da malamar tarbiyya ta musamman.

Malama daga Madina: Ka ga kai ma ka ce "nakasassu". Wannan ta fi waccan ciwo.

Direba a Jidda: Takarda? Wanda iƙamarsa, wato izinin zama, ta ƙare ai ba ya son ganin sunansa a ofis.

Maman 'yan biyu: Iƙamarmu lafiya lau, kada a ɗora min abin da ban faɗa ba. Maganar kwamfutar fa?

Baƙon Makka: Direba, ka janye maganar 'yan boko tukuna.

Direba a Jidda: Ba zan janye ba.

Mai kula da zaure: Ya isa haka, zan rufe. A fahimtata, mafi yawanmu mun yarda kalmar da aka buɗe da ita ba ta dace ba, kuma Malama ta faɗi gaskiya. Na yi shekaru ina riƙe da alli, na san nauyin aji, don haka a riƙa yi wa malamai uzuri kafin a kawo su zaure. Na goge wasu saƙonni kan iƙama. Batun kwamfuta, Hajiya ki koma makarantar ku sasanta. Masu gudummawar ta'aziyyar gidan Kawu su turo kafin sallar Juma'a.