Yaya ake noman ƙatuwar kabewa a lambun gida?

Mai Lambu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kabewar nan da ake gasa da ita a Amurka da Turai, har wata ta haura kilo 1,000, sirrin a iri yake ko a taki?

Baban Fadama:
Wa alaikumus salam. Iri ne farko. Atlantic Giant ake shukawa, wanda wani manomi mai suna Howard Dill ya inganta a Kanada. Kabewarmu ta miyan taushe ko ka binne ta da taki ba za ta kai nan ba. Tushe ɗaya na son fili kamar mita 6 sau 6, da ruɓaɓɓen takin shanu. Ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi.

Malam Mai Rani:
Ƙari a kan bayanin Baba: 'ya ɗaya tak za ka bari, a kan babbar yaɗo, kamar mita 3 zuwa 4 daga tushe. Sauran ka tsinke, komai kyansu. Ka riƙa binne gaɓoɓin yaɗo da ƙasa, kowace gaɓa sai ta fitar da saiwa ta ƙara jan ruwa. Barbara kuwa da hannu, da sassafe: tsinko furen namiji ka goga cikin na mace, mai ɗan ƙulli a ƙasansa. Zafi idan ya wuce digiri 32 ƙullin yakan zube.

Hajiyar Lambu:
Malam, ka manta ban ruwa. A bar ƙasa ta bushe sannan a kwarara ruwa, shi ke fasa kabewar. Kullum daidai gwargwado, a gindi, don jiƙa ganye na jawo masa cuta. A shimfiɗa mata yashi a ƙasa saboda ruɓewa, a rufa mata farin zane kada rana ta taurara ɓawon.