Wane littafi zan fara da 'yan ajina?

Malamar Turanci, Jidda: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba ni 'yan shekara 15 zuwa 16, rabinsu 'ya'yanmu ne haihuwar nan, sauran 'yan Sudan da Masar da Pakistan. Ina so mu karanta To Kill a Mockingbird na Harper Lee a zangon nan, amma gabana na faɗuwa. Wa ya taɓa koyar da shi?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Malama. Na koyar. Kafin su buɗe shafin farko ki ba su labarin jihar Alabama ta Amurka a shekarun 1930, lokacin da doka ta raba baƙi da farare a makaranta da mota da wurin shan ruwa. In ba haka ba, ba za su gane dalilin da ya sa masu yanke hukunci, dukansu farare, suka kama Tom Robinson, wani baƙar fata, da laifi ba, alhali lauya Atticus ya wanke shi fes. Zagin baƙar fata da ke cikin littafin kuwa, ki kafa doka tun ranar farko: ba mai furta shi a aji.

Maman Iman: Ni dai da sauran magana. Wa ke ba da labarin? Scout, 'yar farar fata. Wa ake yaba wa? Ubanta, Atticus. Tom da aka zalunta kusan sai a kotu muke jin bakinsa. Yaranmu da ake tsokana saboda launinsu a filin ƙwallo su ne za su zauna ajin nan, ana waiwayensu.

Baban Khalifa: To ai tambayar da za a jefa musu ke nan, Hajiya.

Kawu na Makka: 'Yata, fara da na gida. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, 1934. An sace yaro, ya ƙare a Masar hannun Balarabe Abdulkarim, uwarsa ta bi sawunsa cikin Sahara ita ma aka bautar da ita. Gajere ne, kuma Mervyn Hiskett ya juya shi Turanci a 1967, kowa zai iya bi. Yaro ya san bauta ba a Amurka kaɗai aka yi ta ba, har da hannun namu a ciki.

Maman Iman: Allah ya ja kwana Kawu, wannan ita ce. Sai dai Malama ki nuna wa shugaban makaranta tukuna, kin san garin nan da iyayen yara.

Malamar Turanci, Jidda: Na gode ƙwarai. Kawu, ina zan sami na Turancin?

Kawu na Makka: Akwai masu zuwa Umara daga Kano wata mai kamawa. Guda nawa kike so?