Musayar waƙa: Victor Hugo da tawayen Paris na 1832

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Da yawa sun ɗauka tawayen da ke cikin Les Misérables, littafin marubucin Faransa Victor Hugo, shi ne juyin juya halin Faransa na 1789. Ga nawa:

Ba juyin farko ba ne, 'yan'uwana,
A 1832 aka yi, ku riƙe batuna.
Kwalara ta ci Paris, gawa a ko'ina,
Ta ɗauke Lamark, janar mai kyan suna.
Ran biyar ga Yuni an ɗau gawa da rana,
'Yan jamhuriya sun tare titi, ba kwana.
Washegari sojan sarki sun yi ɓarna,
Hugo ya tsaya wa talaka, shi ne gwanina.

Malam Na-Gwale:
Ɗan Damagaram, gwanin naka ɗan fada ne,
Sarki Luwi-Filip da suka tayar wa, ubangidansa ne,
Kujerar majalisar manya ta 1845, kyautarsa ne.
Da ma'aikata suka tashi a Yunin 1848, yana ina ne?
Gefen masu rusa shinge, a rubuce ne.

Uwar Hanan: Allah ya ƙara basira, Malam! Yau Damagaram ba bakin magana.

Ɗan Damagaram:
Malam, da girmanka ka zo da "ne, ne, ne",
Wannan ba amsa-amo ba, kukan akuya ne.

Baban Ilu: Gaskiyarsa. Ɗango na huɗu ma ya yi tsawo, ƙafarsa ta karye. Kuma kujera mace ce, "kyautarsa ce" ake cewa.

Malam Na-Gwale: Ka rera shi da baki, Baban Ilu, za ka ji ya hau. Shi da ya cusa 1832 a tsakiyar ɗango ba ka gani ba?

Baban Ilu: Na rera, bai hau ba.

Uwar Hanan: Kowa ya san ɓangarenka tun ba yau ba.

Yaya Binta: Sai yau na samu shigowa.

Kun bar batu kuna awon ƙafa da gardama tun jiya,
Shugaba Luwi-Napoliyon a 1851 ya shaƙe jamhuriya,
Hugo ya ce bai yarda ba, ya bar ƙasa, ya sha wuya,
An yi afuwa a 1859, ya ce shi ba ya juya baya.
A tsibirin Guernsey ya gama littafin da zuciya ɗaya,
1862 ya fito, ya karaɗe duniya.
Sai 1870, da daular Luwi-Napoliyon ta faɗi, ya komo lafiya.
Malam, ɗan fada ba ya shekara 19 a wannan tafiya.

Ɗan Damagaram: Yawwa, Yaya! Allah ya bar mana ke.

Malam Na-Gwale:
Binta, lafiya ya komo, ai kin faɗa da baki,
Paris ta tarbe shi da shewa da ɗoki.
Charles Jeanne fa, wanda ya san zafin yaƙi,
Ya riƙe shingen Saint-Merry gaban sojan sarki?
A kurkuku ya mutu, 1837, wa ya yi masa juyayi ko mamaki?

Baban Ilu: Wannan karon amsa-amon ya zauna. Ɗangon ƙarshe dai har yanzu da sauran gyara, Malam.