Muhawara: wahalar tsofaffin wasannin kurkukun ƙasa gwaninta ce ko mugunta?

Mubarak: Salamu alaikum 'yan zaure. Zan faɗi wata magana, mai jin haushi ya ji. Tsofaffin gem ɗin nan na shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa da Kawu Bala ke ta kambamawa, irin su Wizardry da Eye of the Beholder, wahalar da ke cikinsu ba gwaninta ba ce. Kwamfutar lokacin ce ba ta da ƙarfi, masu wasan kuma suna so ɗan abin da suka ƙera ya daɗe a hannunka, sai suka cika shi da ɓata hanya da mutuwa. Wizardry na farko ya fito a 1981 a kan kwamfutar Apple II. Hawa goma ne kacal, kowane hawa gida 20 a tsaye, 20 a kwance. In ka cire wahalar banza, me ya rage?

Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Yau kuma da Kawu ka tashi? Allah ya ba ka sa'a.

Isiyaku: Ku bari in sallami mai wayar nan tukuna, kada a fara ba ni.

Kawu Bala: Mubarak ɗana, ka taɓa buga shi, ko a YouTube ka kalla?

Mubarak: Na buga, Kawu. Na shiga hawa na ɗaya, bango iri ɗaya ko'ina, na yi ta zagaye har aka kashe mini mutum biyu, na kashe kwamfutar.

Kawu Bala: Da takarda a gabanka?

Mubarak: Takardar me?

Kawu Bala: To ai ba ka fara ba ma. Wasan nan rabinsa a kan allo yake, rabinsa a kan tebur. Littafin giraf za ka samu, irin na 'yan makaranta, da fensir da magogi. Ka ja murabba'i, gida 20 kowane gefe. Taku ɗaya a wasan, gida ɗaya a takarda. Inda ka ga bango ka ja layi mai kauri, inda ƙofa take ka bar ɗan giɓi. Kana cikin haka sai ka shiga wurin da babu haske ko kaɗan, allon ba ya nuna maka komai, sai dai ka yi ta dungurar bango kana ƙirga taku. Can ƙasa kuma akwai gidan da in ka taka zai juya ka ba tare da ya gaya maka ba. Kana zaton arewa ka dosa, ashe gabas ka nufa, ka zana layi biyar a inda ba nan ba. Sai ka lura ɗakin da kake zanawa ya hau kan wanda ka riga ka zana. A nan mai hankali yake tsayawa, ya sa matsafin tawagar ya karanta sihirin DUMAPIC, wanda zai faɗa masa taku nawa yake daga matakalar fita da inda ya fuskanta. Ya goge, ya gyara. Har ma in ka fita ta gefen gabas na taswirar sai ka ɓullo ta yamma. Ni aikin safiyo na yi har na yi ritaya, kuma ina gaya maka, ranar da layukan hawa guda suka haɗu daidai babu giɓi, daɗin da ake ji ba na wasan yara ba ne. Wanda ya koyi lungunan cikin garin Bauchi da ƙafarsa, daga Wunti zuwa Ƙofar Ran, ba ɗaya yake da wanda kullum a Keke ake kai shi yana danna waya ba.

Mubarak: Allah ya ja da ran Kawu, bayanin ya yi daɗi, amma ni ya taimaka wa. Me ya sa sai da takarda? Saboda na'urar ba za ta iya zana maka ba. Da ƙarfi ya samu, Ultima Underworld ya fito a 1992 da taswirar da ke zana kanta, har kana iya rubutu a kanta. Daga nan kowa ya bi. Da a ce zanen hannu shi ne daɗin, da ba a watsar da shi ba.

Adda Hauwa: Mubarak, a nan kam hujjarka ta yi rauni. Ba a watsar ba. A 2007 kamfanin Atlus na Japan ya fitar da Etrian Odyssey a kan Nintendo DS, na'ura mai allo biyu. Suna da duk ƙarfin da za su zana maka taswira, amma suka ware allon ƙasa gaba ɗaya suka ba ka ɗan alƙalami, kai za ka ja bango, kai za ka sa alamar ƙofa da akwati. A 2012 wasu 'yan Finland suka yi Legend of Grimrock, suka sa zaɓin da ke kashe taswirar ɗungurungum ga mai so. Waɗannan ba gazawa ta sa su ba, zaɓa suka yi. Ni lissafi nake koyarwa, kuma na san yaran da ke kasa gane ma'aunin tsaye da na kwance a allo, amma da za ka ce su nemo hanyar fita daga rami, nan take za su gane.

Kawu Bala: Allah ya yi miki albarka, Hauwa'u.

Adda Hauwa: Amin Kawu, amma kada ka yi saurin sa mini albarka, don a maganar mutuwa ina bayan Mubarak. Ku ji yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Mutum shida kake shiga da su. In ɗaya ya mutu, sai ka ɗauko gawarsa zuwa gari, ka kai haikalin Cant, ka biya kuɗi masu yawa a tashe shi. Wani lokaci aikin ya ƙi, ya zama toka. Ka ƙara kuɗi a sake gwadawa, in ya sake ƙi, shi ke nan, an share shi har abada. Babu dabarar da za ka yi a wurin, ƙuri'a ce kawai kwamfuta ke jefawa. In kuma duka shidan suka mutu a ƙasa, gawarwakinsu na nan inda suka faɗi, sai ka raini wata tawaga tun daga farko ta je ta kwaso su. Akwai wani zomo a wasan da ke fille kan jarumi da cizo ɗaya. Zomo fa! Akwai masu shan jini da ke zuƙe maka matakin ƙarfin da ka sha wuya ka tara. In ka yi kuskuren lamba wurin MALOR, sihirin da ke ɗauke tawaga daga wuri zuwa wuri, ka faɗa cikin dutse, duk sun tafi. Na ƙarshen nan na yarda laifin mai wasa ne. Amma tokar nan, me ta koya wa mutum?

Sadiƙ: Ta koya masa haƙuri.

Adda Hauwa: Haƙurin da muke yi da wuta da tsadar data bai isa ba?

Kawu Bala: Ku tsaya. Tokar ba a haikali take koyarwa ba, tun a ƙasa take koyarwa. Duk wasan a kan tambaya ɗaya yake tafiya: in ƙara buɗe ƙofa ɗaya, ko in juya gida? Sihirin da mai warkarwa ke da shi ƙidayayye ne, ko ya ƙware ba ya wuce tara a kowane mataki, kuma ba ya dawowa sai an koma gari. Kana hawa na uku, saura warkarwa biyu, na gabanka jininsa ya yi rabi, ga ƙofa a gabanka ba ka san abin da ke bayanta ba, hanyar komawa kuma taku arba'in ce da abokan gaba a kanta. In mutuwa ba ta da tsada, wannan tambayar ba ta da nauyi, ƙofar kawai za ka banka, in an kashe ka ka sake lodi. Tsoron tokar ne ke sa hannunka ya tsaya a kan maɓalli. Wasannin yanzu da ke ajiye maka wasa kowane minti sun cire wannan tsayawar, shi ya sa kuke gama su ku manta.

Mubarak: To Kawu, gaskiya tsakani da Allah, mutanen lokacin ba sa kwafe faifan jarumansu su ɓoye, in an mutu su dawo da shi?

Kawu Bala: Ana yi.

Mubarak: Ka gani! Dokar da masu sonta ma ke zagaye ta, doka ce mai kyau?

Sadiƙ: Bari in shigo a nan, don ina ganin ku biyun kun tsallake asalin abin. Wasannin nan daga Dungeons & Dragons suka kwaso dokokinsu, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. A can mutane ne ke zaune, ɗaya yana alƙalanci yana ba da labari. In ƙuri'a ta faɗo da mugunta, alƙalin na iya sassautawa, ya ce dodon ya kama ku bai kashe ba, ko ya buɗe wata hanya. Da aka mayar da abin cikin kwamfuta, ƙuri'ar ta shiga, alƙalin bai shiga ba. Don haka Mubarak na da gaskiya cewa akwai abin da na'urar ta gaza. Ba zane ba ne ta gaza, sassauci ne. Amma su Andrew Greenberg da Robert Woodhead da suka rubuta Wizardry ba don su cuce ka suka yi ba, abin da suke bugawa suka kwaikwayo. Kuma da a ce wahalar banza ce kawai, da Japanawa ba su rungume shi ba har ya zama ɗaya daga cikin tushen wasan Dragon Quest na 1986.

Isiyaku: Na dawo. Ni duk wannan tarihin bai dame ni ba, maganar Bauchi zan yi. Wasan da ba ya bari ka ajiye sai ka fito gari, a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, batirin kwamfutar kuma ya mutu tun tuni, wa zai iya? Abin da nake sa wa yara a waya a shago shi ne Shattered Pixel Dungeon. Kyauta ne a Android, ba ya cin wuri, ba ya neman data, kuma ba ya motsi sai ka motsa, don haka kwastoma na zuwa sai ka kife wayar. Shi ma in ka mutu ka mutu, daga hawa na ɗaya za ka sake. Kwalaben magani ba a rubuta sunansu ba, sai ka sha ka gani, wata ta warkar da kai, wata ta cinna maka wuta. Yunwa na bin ka. A hawa na biyar akwai wani baƙin dodo, Goo, da ke kashe kusan duk sabon shiga, har sai mutum ya gane cewa in ya ga yana kumbura, matsawa ake yi, ba sara ba. Yaran da ke kashe kuɗi a gidan gem kan ƙwallo yanzu suna zuwa suna tambayata yadda ake wuce shi.

Kawu Bala: To ai ga shi nan. Mutuwa mai tsada, yara kuma na so.

Adda Hauwa: A'a Kawu, ba ɗaya ba ne. Wannan jikan wasan Rogue ne na 1980, inda kowane shiga sabon kurkuku ake gina maka. Abin da ka rasa na awa ɗaya ne ko biyu, kuma ka san abin da ya kashe ka, gobe ba za ka maimaita ba. A Wizardry aikin wata guda ne ke zama toka ba tare da ka yi laifi ba. Sannan yadda ake mayar da asarar ma abin haushi ne. Akwai wata fatalwa a hawa na ɗaya, Murphy's Ghost, da kowa ke komawa yana kashewa, ya fita ɗakin ya dawo ya sake kashewa, don kawai a tara ƙarfi. Wannan ba tunani a ciki, ba taswira, ba tsoro. Mai iyali da ya samu rabin awa bayan isha'i, a nan zai ƙarar da ita?

Mubarak: Adda ta gama magana. Ku ƙara da Eye of the Beholder na 1991. Gizo-gizon hawa na huɗu su sa maka dafi, ka rasa magani, ka daure ka kai hawa na 12 ka kashe babban dodon, sai wanda aka yi wa kwamfuta mai tsarin DOS ya nuna maka ɗan rubutu a akwati ya watso ka waje. Ladan ke nan.

Sadiƙ: Wannan kam an yi rowa. Amma kada ka haɗa da Dungeon Master na 1987, wanda shi Eye of the Beholder ya bi sawunsa. A can tocilar itacen da ke hannunka tana cinyewa a hankali, allon na ƙara duhu kana gani. Mutanenka na jin yunwa da ƙishirwa. Kana iya jan dodo ya tsaya a bakin ƙofar ƙarfe, ka danna maɓalli ta yi ta sauka a kansa. Babu wanda ya gaya maka, kai ka gano. Irin wannan wahalar in ka ci ta, ka san kai ne ka ci.

Kawu Bala: Ni dai ba zan raba su ba. Kuna so ku ɗauki taswirar da dabarar ku bar tokar, kamar ana iya yanke ta gefe guda. Ku cire ta ku gani ko za ku ƙara zana taswira da kulawa.

Adda Hauwa: An cire an gani, Kawu. A Etrian Odyssey babu toka. In tawagarka ta mutu kana rasa abin da ka tara tun ajiyar ƙarshe, amma yana ba ka damar riƙe taswirar da ka zana. Akwai wani zare da ake saya a gari mai mayar da kai gida nan take, kuma duk wanda ya taɓa nisa ya duba jaka ya ga ya manta bai saya ba, ya san tsoron da kake faɗa. Tsoron na nan, zaluncin ne babu.

Isiyaku: Wai ba an sake yin Wizardry ɗin ba ne kwanan baya?

Sadiƙ: An yi. 'Yan kamfanin Digital Eclipse suka fitar da shi a 2024, a kan ainihin tsarin na Apple II suka gina shi, har kana iya ganin tsohon allon a gefe yana tafiya tare da sabon. Sun sa wurin da za ka zaɓi tsofaffin dokoki ko masu sauƙi. Kiɗansa ma ya ci lambar yabo ta Grammy a 2025.

Mubarak: Ma'ana su ma sun san sai an sassauta kafin a saya.

Kawu Bala: Ma'ana sun bar tsofaffin dokokin ga mai zuciya. Isiyaku, tsohuwar kwamfutata za ta ɗauke shi?

Isiyaku: Sai na ga ƙarfinta, Kawu. Ka aiko yaro da ita shago gobe bayan azahar, a haɗo da cajar, don batirin nan ba ya riƙe ko minti biyar.